Wanda Ya Kama Sabon Aiki, Ya Wanke Allonsa

 

Wannan lokaci da muke ciki lokaci ne na kama sabon aiki. Makarantu sun koma, an fitar da takardun canjin wuri, an tura wannan malami gabas an tura wancan arewa. Teloli da makanikai suna yaye yaransu, 'yan kasuwa kuma suna neman yaran da za su tsaya musu a kan sikeli, domin waken soya ya kusa shigowa kasuwa, in an jima kaɗan kuma sai yazawa, wadda wasu ke kira kashu ko akaju. Saboda haka da wuya a sami gida a zango wanda ba shi da ɗa ko 'ya ko ƙane da zai fara wani aiki a watannin nan.

To, abin da muka saba yi shi ne, in yaro ya sami aiki sai a yi murna, a tara malamai a yi addu'a, a raba goro, tsofaffi su yi masa faɗa a kan gaskiya da riƙon amana. Duk wannan daidai ne. Amma akwai tambaya guda wadda ba mu cika jin an yi masa ba, watau: me da me ka sani a cikin aikin nan, me ya rage maka, kuma yaushe za ka koye shi? Sai yaro ya tafi da takardar shaida a hannu, yana zaton karatu ya ƙare ranar da aka kira sunansa cikin waɗanda suka ci jarrabawa. Bayan wata biyu ko uku sai a gan shi a gindin bishiya ana shan shayi da shi, in an tambaye shi ya ce an sallame shi ne domin ba shi da kowa a wurin, ko domin shi ɗan zango ne.

Ba mu ce ba a taɓa nuna wa wani bambanci ba. Amma mu dubi maganar ta wata fuska. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, kuma iyayenmu da yawa ba su shiga aikin ofis ba, saboda haka yaronmu ba shi da kawu ko baffa a ciki wanda zai ja shi gefe ya ce masa ga yadda ake yi, ko ya rufa masa asiri in ya yi kuskure. Wanda ba shi da kawu a wurin aiki, dole iyawarsa ta zama kawunsa. Iyawa kuwa ba ta faɗowa daga sama, shirya ta ake yi, kamar yadda manomi ke shirya gona tun ruwa bai sauka ba.

KAKANNINMU BA DA KA SUKA YI BA

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta Turawa ce. Abin da ya kawo Hausawa wannan yanki tun farko shi ne fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ya sauka Jugu, sa'an nan ya biyo ta wajen Kirikiri da Didawure ta Sokode, ya nufi Salaga. Wani kuma ya bi ta Sansanin Mango. Tafiya ce ta watanni, cikin ƙasashen da ba a jin Hausa, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi. Ba a wayi gari an naɗa mutum madugu ba. Yaro yakan fara da kiwon jakuna da ɗaurin kaya, ya koyi yadda ake shirya goro cikin ganye da yadda ake buɗe shi ana tsince wanda ya ɓaci, ya san zango-zango da sunan mai masauki a kowane gari, ya san gaisuwar kowace ƙabila da abin da ake bai wa kowane sarki. Sai ya yi tafiya da yawa kafin a yarda ya zama jagaba. Ko da yake ba a rubuta wannan tsari a takarda ba, kowa ya san abin da ake fara koya da abin da ke biyo baya.

Mu tuna kuma da Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a 1934. Ɗan fatake ne, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 kuma ya koma Kete-Karaci, wadda ta kasance cikin Togo ta Jamus, yau kuma tana cikin Gana. Tun yana saurayi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, domin ya ga cewa malamin da ke hulɗa da fatake da sarakuna ba zai wadatu da karatun zaure kaɗai ba, sai ya iya rubutun da aikin yake bukata. Da zamani ya juya Turawa suka zo, bai ce shi ya gama sani ba. Ya zauna da Bajamushen nan Adam Mishlish, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa da al'adunta, abin da har yau masana ke amfani da shi. Wannan mutum namu ne, kuma duk inda rayuwa ta kai shi sai ya duba abin da wurin ke nema ya koya.

A RABA ILIMIN KASHI UKU

Abu na farko da muke bai wa mai sabon aiki shawara ya saya, kafin takalmi da agogo, shi ne ɗan littafin rubutu mai shiga aljihu. A makon farko kada ya damu da nuna bajinta. Ya buɗe ido da kunne, duk abin da ya ga ana yi wanda bai iya ba, duk kalmar da ya ji wadda bai gane ba, ya rubuta. Zuwa ƙarshen mako zai ga ya cika shafi uku ko huɗu, har gabansa ya faɗi. Wannan faɗuwar gaba alheri ce, gama rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda ya san inda duhun yake ya san inda zai kai fitila.

Sa'an nan ya zauna ya raba abin da ya rubuta kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da in bai san shi yau ba za a yi ɓarna gobe, a yi asarar kuɗi, ko wani ya ji ciwo, ko a kore shi. Kashi na biyu shi ne abin da zai sa aikinsa ya yi kyau da sauri, wanda zai iya jira wata ɗaya ko biyu. Kashi na uku shi ne abin da zai ɗaga shi zuwa mataki na gaba, kamar wata jarrabawa ko wani harshe, wanda aikin shekara ne ko fiye.

Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan tsari. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Shaihu Zarnuji, wanda malamanmu ke karantarwa, ya fara ne da bayanin cewa ilimin da ya fi wajaba a kan mutum shi ne na halin da yake ciki, har ya kawo misalin ɗan kasuwa da hukunce-hukuncen ciniki. Haka kuma ba a fara wa almajiri da Risala. Sai ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya tukuna. Kuskuren da samarinmu suka fi yi shi ne su tsallake kashi na farko su faɗa na uku. Sai ka ga yaro an ɗauke shi tsaron shago, bai gama sanin farashin kayan da ke kan kanta ba, amma yana neman wanda zai koya masa yadda ake shigo da kaya daga Dubai.

MISALI DAGA SIKELI

Bari mu sauko ƙasa. A ce an ɗauki yaro a Camba ya riƙa saya wa wani Alhaji yazawa a ƙauyukan Kambole da Kusuntu. Kowa ya san yankin nan namu yana cikin wuraren da suka fi noma ta a Togo, har akwai masana'antar fasa ta a garin Camba. Yaron zai ce, mene ne abin koyo a nan, ba awo da biyan kuɗi ba ne kawai? To, ga kashinsa na farko. Ya san yadda ake gwada sikeli kafin a fara awo, da nauyin buhun da babu kome a ciki. Ya san bambancin busasshiya da mai danshi, domin masu saye don fitarwa waje ba sa son danshi ya wuce kashi 10 cikin 100. In ya sayi tan guda mai danshi, ta bushe a sito ta rage kashi 5 cikin 100, kilo 50 ke nan sun tafi, kuma shi za a tambaya. Ya san dalilin da ya sa ake zuba ta a buhun algarara mai shan iska ba a na leda ba. Ya san yadda ake rubuta rasit, da yadda ake rufe lissafin yini kafin a kwanta.

Kashi na biyu shi ne gwajin inganci da manyan masu saye ke kira KOR. Ana ɗebo samfuri a fasa, a ware ƙwaya mai kyau da mai tabo da wadda ta lalace, a auna, a yi lissafin laba nawa ta ƙwaya mai kyau za ta fito daga buhu mai kilo 80. A kan wannan lamba ake yanke farashi. Yaron da ya iya wannan gwaji ya fita daga sahun masu ɗaukar buhu, domin shi ne zai gaya wa Alhaji ko kayan sun cancanci kuɗin da ake nema. Kashi na uku kuma shi ne takardun fitar da kaya, da sha'anin haraji da kwastan, waɗanda ke hannun hukumar OTR tun da ta fara aiki a 2014. Lokacin yazawa gajere ne, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, saboda haka wanda ya bari sai kaya sun fara shigowa kafin ya fara koyo, kuɗin mai gidansa ne zai zama kuɗin makarantarsa.

Ga wani misali daga 'yan'uwanmu mata, waɗanda da yawa yanzu suke zama a rumfunan tura kuɗi ta waya. Mu Hausawa da dala muke ƙirga, dala ɗaya tamma 5, jaka ɗaya tamma 1,000. In tsohuwa ta zo ta ce a tura wa ɗanta ɗari biyar, nufinta dala 500, watau tamma 2,500, alhali kuwa wayar da Faransanci take ƙirga. Yarinyar da ba ta horar da kanta a kan wannan juyi ba, sai ta tura 500, rigima ta tashi. Haka nan dole ta san dabarun 'yan damfara, masu aiko da saƙon ƙarya su ce sun yi kuskuren turo kuɗi a mayar musu, ta kuma san cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Wannan duk kashi na farko ne. Kuma aikin ba ya tsayawa wuri ɗaya: wadda ta saba da T-Money ta wayi gari a ƙarshen 2024 an sake masa suna ya koma Mixx by Yas, ga kuma Flooz da nasa tsarin. Wadda ta daina koyo, aikin zai wuce ya bar ta a zaune.

MISALI DAGA AJI

Mu malaman makaranta an koya mana a kwalejin horon malamai cewa ba a shiga aji sai da takardar shirin darasi, wadda ke nuna abin da yara za su iya yi a ƙarshen darasin, da hanyar da za a bi, da yadda za a gane ko sun iya. Abin da muke cewa a nan shi ne mai sabon aiki ya rubuta wa kansa irin wannan takarda, shi ne malamin, shi ne kuma ɗalibin.

A ce ɗanmu ne ya tashi a zangon Sokode, yana jin Hausa da Kotokoli da Faransanci, aka tura shi wani ƙauye a bayan Dapango, aka ba shi aji CP1. Yaran da ke gabansa Mobanci suka tashi da shi. Gyaran tsarin ilimi na 1975 ya ɗauki Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa, Faransanci kuma shi ne harshen koyarwa, amma yaro mai shekara shida da ke kuka a bayan aji bai san da wannan ba. Kashi na farko na wannan malami shi ne kalmomi hamsin na Mobanci: zo, zauna, tashi, saurara, ruwa, ciwo, ina mamarka, da yadda ake gai da dattijo. Bayan su sai rajistar kiran suna, da littafin aikin yini, da rabon darussan wata-wata, waɗanda sufeto zai fara tambaya in ya zo. Jarrabawar ƙwarewa ta malamai kuwa kashi na uku ce, sai ya sa mata shekara, ya nemo tsofaffin tambayoyi ya riƙa bi a hankali.

WA ZAI KOYA MAKA?

Bayan an san abin da za a koya, sai a nemi mai koyarwa. A kowane wurin aiki akwai mutumin da ba shi da babban muƙami amma shi ne rumbun wurin: tsohon masinja, ko mai gadi, ko matar da ta shekara ashirin tana riƙe da rajista, ko babban yaron gareji. Su suka san inda kowace takarda take kwana, da halin mai gida, da kuskuren da ya kori wanda ka gada. Samarinmu masu BAC ko digirin jami'ar Kara ko ta Lome sukan ji nauyin tambayar irin waɗannan mutane, wai kada a raina su. Alhali kuwa matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Ka gai da shi da ladabi, ka ce, “Baba, ina so ka nuna mini yadda ake cika wannan,” ko “Iya, in an kawo irin wannan takarda wa ake kai wa?” Da wuya dattijo ya hana wanda ya girmama shi.

Tambaya ma tana da ladabinta. Kada ka tare mutum yana tsakiyar aiki. Ka tara tambayoyinka ka kawo su lokacin da ya sarara. Kada ka tambayi abu ɗaya sau uku. Abin da aka gaya maka ka rubuta. In an nuna maka, ka roƙa a bar ka ka yi da hannunka a gaban mai nunawa, domin kallo daban, yi daban. Kuma tun a makon farko ka nemi ganin shugabanka ka tambaye shi kai tsaye: nan da wata uku, me kake so ka ga na iya? Amsar da zai ba ka ita ce manhajarka. Mutane da yawa sun sha wahala suna ƙwarewa a kan abin da ba shi ake auna su da shi ba.

Wayar hannu ma malama ce, in an san abin da ake nema. Akwai darussan lissafin kuɗi da na kwamfuta da na gyaran inji a intanet, da Faransanci da Turanci har da Hausa. Amma wanda ya shiga ba da tambaya a hannu ba, zai fito bayan awa biyu bai ƙaru da kome ba sai labarin ƙwallo.

LOKACI DA TILAWA

Shiri ba ya zama shiri sai an sa masa rana. Muna ba da shawarar zango huɗu: mako ɗaya na kallo da rubutawa, kwana arba'in na gama kashi na farko, wata uku na kashi na biyu, shekara guda ta kashi na uku. A kowane mako a ɗauki abu ɗaya ko biyu kawai, gama taura biyu ba ta taunuwa. A keɓe rabin awa kullum, bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, wadda ba ta shayi ba ce ba ta waya ba. Rabin awa a kwana shida awa uku ke nan a mako, a shekara kuwa ta haura awa 150. Wanda ya ce ba shi da lokaci, ya ƙirga awowin da yake bai wa majalisa.

Sai kuma maimaitawa. Wani masani Bajamushe mai suna Ebingaus ya buga sakamakon bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa yawancin mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe, yau da gobe da bayan kwanaki, ta fi a zauna a haɗiye duka a dare ɗaya. Alarammominmu sun riga shi sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai an haddace, kuma gardi ba ya barin tilawa. Saboda haka abin da aka nuna maka da rana ka sake bin sa da dare, ka koma masa ranar Juma'a, ka sake komawa a ƙarshen wata. Hanyar gwada kai kuwa mai sauƙi ce: ka rufe littafin ka yi abin, ko ka bayyana wa ƙanenka shi da Hausa. In ka kasa bayyanawa, ba ka iya ba tukuna.

Game da harshe, kada mu yaudari kanmu. Hausa tana ci a kasuwar Dapango da Mango da Sinkase, amma rahoto da Faransanci ake rubuta shi, kuma da yawa daga yaranmu bakinsu ya fi alƙalaminsu. Wanda aikinsa ke bukatar rubutu ya nemi kwafin rahoto ko wasiƙar da wani gwani ya rubuta a wurin, ya yi nazarin yadda aka buɗe da yadda aka rufe, ya riƙa gwada rubuta nasa yana kai wa wani ya gyara. Turanci kuma, tun da Togo ta shiga ƙungiyar Kwamanwel a Yunin 2022, darajarsa ta ƙaru, mu kuwa da muke da dangi a Gana da Nijeriya mun fi kowa sauƙin samun wanda za mu yi hira da shi.

SANIN HAƘƘI MA KARATU NE

Akwai wani darasi da ya kamata ya shiga kashi na farko, shi ne sanin matsayinka a gaban doka. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar ƙwadago tun watan Yuni na 2021. Mai kama aiki ya karanta takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu, in bai gane ba ya kai wa wanda ya gane. Ya duba tsawon lokacin gwaji, wanda yake gajere ga ƙananan ma'aikata, ya fi tsawo ga manya, domin wannan lokaci shi ne ainihin wa'adin kashinsa na farko. Ya san cewa tun 1 ga Janairu 2023 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga tamma 35,000 zuwa 52,500, watau jaka hamsin da biyu da rabi. Ya tambaya ko an yi masa rajista a asusun CNSS, gama shi ne fanshonsa na gobe, ya kuma nemi bayanin inshorar lafiya ta AMU wadda aka fara a Janairun 2024. In magana ta rikice, akwai ofishin sufeton ƙwadago. Waɗanda suka shiga ta hanyar hukumar ANPE ko aikin sa-kai na ANVT kuma su tuna cewa wa'adinsu ƙidayayye ne. Abin da za su fita da shi wanda ba ya ƙarewa shi ne abin da suka koya da shaidar da aka rubuta musu.

KIRA GA IYAYE DA MASU GIDA

Daga ƙarshe muna da magana da manya. Ya ku masu gareji da shagunan ɗinki da masu motoci, yaron da aka kawo muku amana ce. Bai kamata ya shekara yana sayo abinci da wanke kwano ba tare da ya taɓa sifana ko almakashi ba. Ku gaya masa tun farko abin da zai koya a shekarar farko da ta biyu da ta uku, kuma in lokaci ya yi ku rubuta sunansa ya zauna jarrabawar kammala koyon sana'a ta gwamnati. Bikin yaye yana da daɗi, amma ranar da za a nemi makaniki ko tela a wata ma'aikata, takarda za a tambaya, ba hoton biki ba. Sau da yawa yaranmu sun fi wasu iya aiki, amma rashin wannan takarda ya sa an ɗauki wasu an bar su.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo daga aiki, kada tambayarku ta tsaya a kan yaushe za a biya. Ku ce masa, yau me ka koya? Ku rage masa aike a rabin awar karatunsa. 'Ya mace da ta kama aiki a asibiti ko a rumfar waya, a sassauta mata aikin gida na ɗan lokaci har ta tsaya da ƙafafunta, mijinta ma ya taimaka, domin albashin gidan zai shigo. Kuma muna roƙon ƙungiyoyin matasan zango, a Camba da Sokode da Dapango, su riƙa haɗa sababbin ma'aikata da tsofaffin da suka yi ritaya, ko da sau ɗaya a wata bayan sallar La'asar. Muna da tsofaffin malamai da ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan kwastan da ke zaune a ƙofar gida da ilimin shekara talatin a ƙirjinsu, ba wanda ya zo ya ɗiba. In kawu ne ba mu da shi a ofis, to ga kawunai nan a unguwa.

Duk wanda ya gwada wannan shiri, muna so ya rubuto mana ta hannun edita ya gaya mana yadda ta kaya, da abin da ya yi masa wuya, domin wasu su ƙaru. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake shirya wa yaro jarrabawar CEPD a gidan da iyaye ba su yi boko ba. Allah ya sa wa sababbin ma'aikatanmu albarka a cikin aikinsu, ya kare su daga sharrin haɗama da girman kai, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, musamman 'yan'uwanmu na yankin arewa.